Malam Tukuna da Ƙaurar Injina Uku

Rigimar makulli ce Malam Tukuna ya fi ƙin a tayar masa, saboda haka da ita za a fara.

Mutum ne da bai yarda da abu guda ɗaya ba. Biro uku ne a aljihun rigarsa, tocila uku a gidansa, tabarau ma uku gare shi: ɗaya a fuska, ɗaya a mota, ɗaya kuma ya yi masa ɓoyon da har yau ana nema. Da suka tare a sabon gida ya sayi ƙaton kwaɗo, ya kai makullin aka yanko masa biyu suka zama uku, ya dawo ya tsaya a kan matarsa yana yi mata lacca, wai duk gidan da ya dogara da makulli ɗaya ya riga ya kwana a waje, lokaci kawai yake jira. Maman 'Yan Biyu tana ninke kayan wanki abinta. Kwana tara bayan nan suka dawo daga unguwa da tsakar rana, yara biyu suna matse ƙafa suna kukan fitsari, ya laluba aljihu ya ji wayam.

"Kawo naki," in ji shi.

"Nawa wanne? Ka ba ni ne?"

"Ai na ce zan ba ki."

"Ka ce tukuna, sai ka gama gwada su ka ga duk suna buɗewa."

Ya leƙa ta taga. Ga su can a kan teburin falo, su uku reras a zobe ɗaya, suna ƙyalli abinsu. Shi ne da hannunsa ya datse kwaɗon sa'ad da za su fita. Ya gyara murya ya ce tsarin ba shi da laifi ko kaɗan, wurin aiwatarwa ne aka samu tangarɗa.

"Baban 'Yan Biyu," ta ce, "ni ban yi zurfi a boko ba, amma a nawa lissafin uku a zobe ɗaya, ɗaya ne. Je ka aro guduma."

Ya je ya aro guduma.

Sunan nan ba a gida ya same shi ba. A asibitin da yake aiki aka laƙaba masa, matar ta ji ya zauna masa daidai ta ɗauka. Ka ce masa a kunna abu, tukuna. A kashe, tukuna. Ranar da aka zo ana ce masa ya fito ana hoton ma'aikata ma tukuna ya ce, shi ya sa babu shi a hoton da ke rataye a ofishin Manaja, alhali ya riga mafi yawan na ciki zuwa gidan.

In ka tambayi danginsa aikin me yake yi, za su ce maka gyaran kwamfuta, don haka duk wanda wayarsa ta faɗa ruwa gidansa yake nufa. Yayarsa ta taɓa kai masa ziyara wurin aiki. Ta ga ɗaki ba taga, sanyi kamar inda ake ajiye gawa, ga wasu dogayen kabad na ƙarfe suna gurnani, ga ƙaninta cikin rigar sanyi ana tsakiyar zafi. Ta dawo ta shaida wa kowa cewa duk wahalar karatun nan a gadin firji ta ƙare.

Ba ta yi ƙarya da yawa ba. A cikin kabad ɗin nan akwai injina uku, su ne rumbun bayanan asibitin gaba ɗaya: wa aka kwantar, me ke damunsa, wane magani aka ba shi, wanne ne jikinsa ba ya so, me gwajin jininsa ya nuna. Ɗaya shi ne jagora, shi ke karɓar duk abin da aka rubuta. Biyun mabiya ne, duk abin da jagora ya karɓa nan take suke kwafa, in ya faɗi kuwa sai su tsayar da ɗaya a cikinsu ya ci gaba, kafin likita ya gama gyara tabarau. Kwamfutocin asibitin ba ruwansu da sanin wane ne jagora yau. Akwai adireshi guda na kowa da kowa, kamar ƙofar gida, can suke kai saƙo, ita kuma ƙofar ta san wurin wa za ta shigar.

Shi kuwa ba da kwamfuta ya fara ba. Yana ɗan shekara sha tara ya shiga ɗakin kati, yana dakon fayil daga hawa zuwa hawa, har ya haddace asibitin kamar tafin hannunsa: ƙarfe nawa ake zagayen likitoci, ƙarfe nawa ake ɗibar jini, ƙarfe nawa layin magani yake kaiwa bakin matakala. A shekararsa ta biyu fayil ɗin wani dattijo ya ɓace. Mutumin daga nesa ya zo, likita ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya ga abin da aka yi masa a baya. Kwana uku tsohon yana zaune a benci da 'yar jakarsa a cinya, duk wucewar da yaron zai yi sai ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, an gani?" A rana ta huɗu aka samu fayil ɗin a ƙarƙashin ƙafar wani tebur mai ɗingishi, wani mai hikima ya tokare da shi. Tun daga nan hankalin Malam Tukuna bai sake kwanciya daidai ba. Wasu maza da ciwon baya suke tsufa, shi da fargabar kada takardar wani ta faɗi a hanya ya tsufa.

To, injinan nan uku sun shekara goma sha ɗaya suna aiki ba hutu. Na tsakiya ya fara wani irin nishi, kayan gyaransu kuma an daina yi. Aka kawo sababbi uku a cikin kwalaye, tare da wata Injiniya daga kamfanin da ya sayar da su, doguwar mace wadda ko gobara aka ce ta tashi sai ta fara tambayar a wane hawa. Baba take ce masa. Bai ji daɗin Baban ba, amma ya duba madubi ya haƙura.

Manaja ya kira su ofis ya shimfiɗa sharaɗi. Asibiti ba ya rufewa, saboda haka ba ya son jin an tsaya ko na minti ɗaya, ba ya kuma son jin bayanin mutum ɗaya ya salwanta. Sannan an riga an yi da kamfani cewa ranar da aka gama, a ranar za a goge faifan ajiyar bayanai na tsofaffin tas, motarsu ta kwashe.

Injiniya ta ce a yi aikin da tsakar dare, lokacin da ba kowa.

"A'a," in ji Malam Tukuna. "Asabar da hantsi."

"Baba, kowa da dare yake yi."

"Na sani. Da dare in abu ya lalace wa zai yi ihu? Duk suna barci. Sai gari ya waye ki tarar ɓarnar ta yi awa shida tana tafiya. Ni ina son mutane a farke, da bakinsu."

Mako uku suka yi suna shiri. Aka jona sababbin ɗaya bayan ɗaya a matsayin mabiya, suna kwafar kayan shekara goma sha ɗaya, kwana da kwanaki, har suka kamo tsofaffin. Ya sayi littafi mai bango ja ya rubuta mataki arba'in da ɗaya, kowane mataki da hanyar komawa baya a gefensa. Ya sa Injiniya suka gwada sau biyu a kan kwafi, ya nemi a yi na uku, ta ce masa ko jirgin sama ba a yi wa haka. A gida kuwa ya zama abin tausayi. A ajiye masa abinci ya yi ta juya cokali yana motsa baki, yana bitar mataki na sha bakwai.

"Wai haihuwa za ka yi ranar Asabar ɗin nan?" Maman 'Yan Biyu ta tambaye shi. "In haihuwa ce ka faɗa mini in haɗa maka kaya."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Ka rame a wuya, cikin dai yana nan."

Ranar Asabar ƙarfe bakwai yana cikin ɗakin sanyi da jan littafinsa. Injiniya ta iso takwas da kofin shayi a hannu, ya tsayar da ita a bakin ƙofa sai da ta shanye, don ruwa ba ya shiga ɗakin nan ko da a cikin kofin Manaja ne. Suka fara. Ita tana bugawa, shi yana karanta mataki da ƙarfi, in an gama ya ja layi. Aka sallami tsohon mabiyi mai nishi, aka jira, ba abin da ya motsa. Aka sallami na biyu. Saura jagora, tsoho ɗaya a gaban sababbi uku. Ƙarfe goma da minti arba'in aka zo mataki na talatin da takwas, inda tsohon zai sauka ya miƙa wa sabo jagoranci, shi ya koma mai kwafa kawai.

"Baba, in danna?"

Ya duba agogo, ya duba littafi, ya share tafin hannunsa a wando. A ɗakin da mutum yake rawar ɗari, shi zufa ce take keto masa.

"Danna."

Daƙiƙa goma sha ɗaya abin ya ɗauka. Ya ƙirga su a ransa, kowacce da nauyinta. Sai allon ya koma kore daga sama har ƙasa, alamar komai lafiya. Injiniya ta miƙe ta yi miƙa, ta ce saura abu uku: a kashe tsohon, a goge faifai, a kira direba.

"Tukuna."

"Na san za a zo nan," ta ce, ta koma ta zauna.

Ya jawo wayar tebur ya fara bi ɗaki-ɗaki. Ɗakin kati suka ce lafiya lau. Ɗakin magani suka ce wai an yi wani abu ne? Ɗakin tiyata suka ce ya daina damunsu. Ɗakin gwaji wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, wannan kuwa ba sabon abu ba ne, Hajiyar da ke riƙe da wurin ba ta cire safar hannu don waya.

"Nuna mini abu na ƙarshe da kowane ɗaki ya rubuta," ya ce.

"Komai kore ne fa, Baba."

"Koren nan lafiyar injin yake faɗa miki. Ni mutane nake tambaya."

Ta buga. Ɗakin kati, daƙiƙa huɗu da suka wuce. Ɗakin magani, minti ɗaya. Ɗakin gwaji, goma da talatin da tara. Ya ɗaga kai ya kalli agogon bango: sha ɗaya da minti biyar.

"Wataƙila ba su da aiki," in ji ta.

"Tara da rabi ake ɗibar jini a ɗakunan kwanciya. Goma da rabi sakamako yake fara zubowa, ba ya yankewa sai sha biyu. Shekara talatin haka yake. Duba mini tsohon, ki ga ko akwai mai ƙwanƙwasa masa."

Ta duba, sai fuskarta ta canza, abin da bai taɓa gani ba a mako uku. Akwai. Kwamfutar ɗakin gwaji ce, duk minti ɗaya sai ta zo da saƙo, ba ta ƙofar kowa da kowa ba, kai tsaye wurin tsohon, da adireshinsa na kansa. Shi kuma tun goma da arba'in ya sauka daga mulki, ba ya karɓar rubutu, sai ya kore ta. Ta koma, ta sake dawowa, ya sake korar ta.

"Wane ne ya ba ta wannan adireshin?"

"Ban sani ba."

"To sakamakon da aka ƙi karɓa, ina take kai su?"

"Tana riƙe su a ƙwaƙwalwarta," ya ce a hankali. "Muddin tana kunne."

Yana rufe baki ya tuna wani abu. Hajiya magani ɗaya ta sani ga duk kwamfutar da ta yi mata gardama: a kashe, a kunna. Kuma ba wani ne ya koya mata ba, shi ne, don ta daina kiransa sau biyar a rana.

Wanda bai ga Malam Tukuna yana gudu ba an bar shi a baya. Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, da tumbi, da rigar sanyi, da jan littafi a hammata, ya ratsa layin masu karɓar magani yana ba da haƙuri hagu da dama. Biro biyu suka zube bai waiwaya ba. Lif yana hawa na huɗu, ya bi matakala. Wata mai shara ta manne da bango tana tambayar wa ya rasu. Duk tsawon hanyar abu ɗaya yake gani a idonsa: yatsan Hajiya.

Kuma a kan makunnin ya same shi. Ta sunkuya, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a jikin kwamfutar. A gefenta wata nas daga ɗakin jarirai tana tsaye ta harɗe hannu.

"Hajiya," ya ce, numfashi yana neman gagararsa, "don girman Allah ɗaga yatsan nan."

Ba ta ɗaga ba. Ta kalle shi ta saman tabarau. "Kai ne ka ce in ta yi taurin kai in kashe in kunna."

"Ni ne. Yau dai kada ki ji maganata."

"Ikon Allah. Shekara nawa ina jira ka faɗi haka." Ta janye hannun.

A kusurwar allon akwai 'yar lamba: ashirin da shida. Sakamakon mutum ashirin da shida ke nan a maƙale, kuma lambar kaɗai kwamfutar take nunawa, ba ta buɗe abin da ke ciki balle a kwafa da hannu. Injin gwajin kuwa tsoho ne, da ya miƙa mata sakamako ya wanke hannunsa.

"In sun tafi fa?" ya tambaya, ko da yake ya san amsar.

"Na manya da sauƙi, akwai saura a kwalba, sai a sake," in ji Hajiya. "Na jaririyar da wannan nas take jira ne babu."

Nas ɗin ta ce, "Bakwaini ce, kwananta huɗu. Sau uku muka soke ta kafin mu samu ɗan ɗigon nan, injin kuma ya shanye. Likita yana tsaye yana jira ya san ko za a ƙara mata jini. Malam, ni ba zan koma in sake huda yarinyar nan ba, babu ma inda zan huda."

Ya durƙusa ya leƙa bayan kwamfutar, don ya tabbata wayar wutarta ba ta yi sako-sako ba. A nan ya ga filasta, irin ta ɗaure ciwo, manne a jikin ƙarfen, ta yi baƙi don tsufa. An yi rubutu a kai da biro: adireshin tsohon injin, a ƙasa kuma, "Na wucin gadi. A gyara gobe." Da kwanan wata, shekara goma sha ɗaya baya. Bai buƙaci tabarau ba. Yadda ake lanƙwasa wutsiyar bakwai ɗin nan, mutum ɗaya ne yake yi a asibitin.

Sai abin ya dawo masa. Makon da aka kafa injinan ne, ƙofar kowa da kowa ta yi gardama wata rana da yamma, Hajiya tana yi masa ruwan masifa, ya zo ya haɗa ta kai tsaye don a samu a wuce ranar. Washegari matarsa ta haifi 'yan biyu.

Ya ɓamɓare filastar ya sa a aljihu, ya kira Injiniya a wayar hannu.

"Za a iya canza mata adireshi daga nan?"

"Sai an rufe manhajar an sake buɗewa," ta ce. "In an rufe kuwa, ka san sauran."

"To?"

"Tunda ba za ta je ƙofa ba, sai mu kawo mata abin da take nema. In cire adireshin daga tsohon in ɗora wa sabon jagora. In ta zo ƙwanƙwasawa, sabon ne zai buɗe. Amma inji biyu ba sa zama da adireshi ɗaya. Sai na zare wayar da ta jona tsohon da sauran tukuna."

Ya buɗe jan littafin, ya san babu, amma ya buɗe. Mataki arba'in da ɗaya, ba wannan a ciki. Tsohon nan shi ne hanyarsa ta komawa baya. Muddin yana jone yana kwafa, in sababbin suka yi wani abin kunya za a iya mayar masa da mulki cikin minti ɗaya. Da zarar an zare shi, an bar shi a baya ke nan, duk abin da aka rubuta daga lokacin bai san da shi ba. Asibiti gaba ɗaya zai rataya a kan injina ukun da ba su cika awa guda suna riƙe da shi ba.

"Baba, hannuna yana kan wayar. In zare?"

Hajiya tana kallonsa. Nas tana kallonsa. Bakinsa ya riga ya haɗa kalmar da ya saba, har ta zo kan harshe. Ya kalli lambar da ke kusurwar allo.

"Zare."

Ya ji ƙarar maɓallanta ta cikin waya. Ta ce ta ɗora. Ya ce to. Lambar tana nan, ashirin da shida. Ya tsaya a tsakanin Hajiya da makunnin, don bai gama yarda da ita ba. Injin gwaji ya yi ƙara a bayansu ya tofo wani sakamakon, lambar ta koma ashirin da bakwai.

"Ƙaruwa ma take yi," in ji Hajiya.

"Duk minti ɗaya take gwadawa. A ba ta minti ɗaya."

"In ba ta tafi ba fa?"

Ya fara lissafin abin da zai ce wa nas ɗin, da wanda zai ce wa uwar yarinyar in ta tare shi a matakala, bai samu ko ɗaya ba. Sai lambar ta ƙifta. Sha tara. Takwas. Babu.

"Sun shigo," in ji Injiniya. "Tsaya in ƙirga. Ashirin da bakwai cif."

"Sake ƙirgawa."

"Ashirin da bakwai, Baba."

Nas ta leƙa allon da ke gefe, ta nemo lambar gadon, ta karanta, ta juya ta fita da sauri ba ko sai an jima. Malam Tukuna ya nemi kujera ya zauna. Hajiya ta cire safar hannu, abin da ba ta yi wa waya, ta zubo masa ruwa a kofi.

"Sha," ta ce. "Kada ka faɗi a nan a ce mu ne. Wai wane sakaran ne ya yi wannan haɗin tun farko?"

"Wani ne," ya ce, "ya tsufa yanzu."

Ƙarfe biyu Manaja ya sauko ɗakin sanyi da kansa, yana murza hannu. Motar kamfani tana bakin ƙofar baya tun sha biyu, direba ya aiko sau uku. Ya ji an ce an gama, to me ake jira? A goge, a loda.

Malam Tukuna ya ce ba za a goge ba, ba kuma za a loda ba. Su ukun za su zauna a inda suke wata guda, a zare, amma da kayansu a ciki. Duk abin da aka taɓa saitawa a asibitin nan cikin shekara goma sha ɗaya, alamarsa tana cikin injinan nan. Akwai na'urorin da sai ƙarshen wata suke magana, akwai rahoton da sai an nema ake tuna da shi. In wani ya taso gobe yana neman abin da ya saba samu, a cikinsu za a duba a gane me yake nema.

"Malam, na sa hannu a takarda," in ji Manaja. "Yau aka ce. Injiniya, ba komai kore ba ne?"

"Kore ne, ranka ya daɗe," ta ce. "Da safe ma kore ne." Ta ba shi labarin ɗakin gwaji a taƙaice, ba ta ambaci sunan kowa ba.

Manaja ya ɓata fuska. "To wannan ai sakaci ne. Wa ya yi? Ina son sunansa a kan teburina ranar Litinin."

Ba wanda ya ga filastar nan sai shi. Yana iya barin ta a aljihu ta bi wanki. Ya zaro ta, ya shimfiɗa a kan jan littafin, ya miƙa. Manaja ya karanta, ya kalli rubutun da ke littafin, ya sake kallon filastar.

"Kai?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai da kake hana mutane numfashi sai an gwada sau uku? A gyara gobe. Yau shekara nawa goben?" Ya ɗaga filastar yana nuna wa Injiniya, kamar ba ta gani ba. "To ka ji. Kai ka yi ɓarnar, kai ka kusa sa a sake huda jaririya, yanzu kuma kai ne za ka tsaya ka ce in saɓa alkawari da kamfani, in mayar da mota ba kaya. A kan me zan ji maganar mutumin da yake mantuwa irin wannan?"

Malam Tukuna ya karɓi filastarsa, ya ninke ta biyu, ya mayar aljihu kusa da biron da ya rage.

"Ai shi ya sa, ranka ya daɗe," ya ce. "Mantuwata ta farko shekara goma sha ɗaya ta yi kafin ta fito. Ta biyun wata ɗaya kawai nake roƙa mata."